Kangon Jumièges: Tarihin Wani Gidan Ruhubanawa na Normandi ta Idon Mai Zuwa a Ƙasa

1.0 Gabatarwa

A arewa maso yammacin ƙasar Faransa, a yankin Normandi, Kogin Seine yakan yi ta lanƙwasa tsakanin birnin Rouen da bakin teku. A cikin ɗaya daga waɗannan lanƙwasoshi akwai wani ƙauye mai suna Jumièges, wanda ruwa ya kusa kewaye shi, kuma a gefensa akwai kangon wani gidan ibada na Kirista da aka kafa tun shekarar 654 Miladiyya. Irin wannan gida shi ne Faransawa ke kira abbaye, wato mazaunin wasu mutane da suka haƙura da aure da mallakar dukiya, suka keɓe kansu domin addu'a da karatu da aikin hannu a ƙarƙashin shugaba guda. Da yake Hausa ta riga ta aro kalmar ruhubanawa daga Larabci domin irin waɗannan mutane, a wannan maƙala za a riƙa kiran wurin gidan ruhubanawa. Haka kuma an fifita kalmar kango a kan kufai, domin kufai wuri ne da gari ya tashi aka bar tuddai da tsingaro, alhali a Jumièges bangaye suna nan tsaye, ƙauyen ma yana nan da mutanensa.

Manufar maƙalar ita ce bin sawun wanda ya taso daga Rouen a ƙasa har ya shiga cikin kangon, domin a amsa tambaya guda: me ya mayar da wannan gida kango? Baƙon da ya fara ganin wurin yakan zaci yaƙi ne ko tsufa. Za a nuna cewa gidan ya sha ƙuna da wawaso, amma ya sake tashi. Bai kwanta ba sai da aka watsa mazaunansa, aka yanka wa duwatsunsa farashi. Za a kuma duba abin da ya tsira, wanda galibinsa rubutu ne da sunaye.

2.0 Hanya Daga Rouen da Shaidar Sunayen Wurare

Tsakanin Rouen da Jumièges akwai tazarar kusan kilomita 30 ta tudu, wato tafiyar yini guda ga mai ƙarfin ƙafa. Amfanin zuwa a ƙasa shi ne matafiyi yakan sami sararin karanta allunan sunayen garuruwa, kuma ga manazarcin harshe waɗannan sunaye su ne shaidar farko ta tarihin yankin.

Da fita daga Rouen ta yamma, hanya takan hau tudun Canteleu. Ma'anar sunan ita ce inda kerkecin Turai ke kuka, kuma takwararsa a Faransancin tsakiya shi ne Chanteloup. Abin lura a nan shi ne karin harshen Normandi ya riƙe sautin /k/ na Latin a inda karin Faris ya sauya shi. Wannan bambanci ya haye teku tare da Normawa, shi ya sa Ingilishi yake da tagwayen kalmomi irin su catch da chase, ko cattle da chattel, inda ta farko ta fito daga karin Normandi, ta biyu daga na tsakiyar Faransa. Yana da kyau a riƙe sunan Canteleu, domin zai sake bayyana a ƙarshen labarin.

Daga nan matafiyi yakan ratsa dajin Roumare ya gangara Saint-Martin-de-Boscherville, inda zai tarar da majami'ar gidan ruhubanawa na Saint-Georges, ginin ƙarni na 12, da rufinta da komai nata. Sai ya bi bakin kogi zuwa Duclair, inda jirgin fito ke ɗaukar mutane da motoci zuwa ƙetare, sannan ya shiga lanƙwasar Jumièges ta cikin lambunan tuffa da ceri. Idan ya zagaya ta ƙauyen Le Mesnil-sous-Jumièges, hasumiyoyi biyu farare za su riƙa ɓullowa suna ɓacewa a saman itatuwa tun da sauran tafiya.

Sunan Jumièges kansa ya girmi zuwan Normawa, domin a rubuce-rubucen Latin ana samun sa a siffar Gemeticum. Amma garuruwa da dama na kwarin Seine suna ɗauke da ɗafa-ƙeya daga tsohon harshen mutanen Iskandinabiya. Caudebec da Bolbec suna da bekkr, wato rafi. Yvetot yana da topt, wato filin gida. Elbeuf da Quillebeuf kuwa suna da búð, wato bukka. Waɗannan sunaye su ne sawun mutanen da suka ƙone Jumièges, waɗanda kuma jikokinsu suka sake gina shi.

3.0 Kafuwa da Ƙonewa (654–841)

Wanda ya kafa gidan shi ne Philibert, mutumin kudu maso yammacin Faransa da ya tashi a fadar Sarki Dagobert kafin ya zaɓi rayuwar ruhubanci. Sarki Clovis na II da matarsa Bathilde su suka ba shi filin. Shekara biyar kafin haka, a 649, an kafa wani gida makamancinsa a Fontenelle, can gaba kaɗan ta ɓangaren teku. Kogin ne ya jawo su duka, domin yana ba da kifi da ƙasar noma da hanyar fatauci. Littattafan tarihin waliyyai sun ce a zamanin magajin Philibert mazauna Jumièges sun kai ɗari tara. Ko da an kambama adadin, yana nuna girman da gidan ke da shi a idon mutanen lokacin. Sarakuna ma sun amince da katangarsa, domin bayan Sarki Shalman ya tuɓe Tassilo na III, mai mulkin Bavariya, a shekarar 788, a Jumièges aka killace shi.

Kogin da ya kawo arziki shi ya kawo masifa. A watan Mayun 841 jiragen maharan Iskandinabiya, waɗanda ake kira Viking, suka hauro Seine, suka washe Rouen, kuma a ranar 24 ga watan suka banka wa Jumièges wuta. Fontenelle ya fanshi kansa da azurfa a wannan karo. Hare-hare suka ci gaba, ruhubanawan Jumièges suka gudu da littattafansu da kayan ibadarsu, wasu suka fake a Haspres kusa da Cambrai, wurin ya zauna kusan wofi har kimanin shekara ɗari.

Wannan gudu ya bar wata alama a tarihin adabin Turai. Notker, wani mawaƙi na gidan ruhubanawa na Saint-Gall a ƙasar Suwizalan ta yau, ya bayyana a gabatarwar littafin waƙoƙinsa na shekarar 884 cewa yana yaro yakan sha wuya wajen haddace dogayen karin muryar da ake rerawa a ibada ba tare da kalmomi ba. Sai wani limami ya iso wurinsu daga Jumièges, bayan maharan sun lalata shi, ɗauke da littafin rera addu'a wanda aka ɗora wa irin waɗannan karin murya baitoci. Notker ya ga dabarar, ya gyara ta bisa shawarar malaminsa Iso, wanda ya ce kowane motsin murya ya sami gaɓar kalma tasa. Daga nan wani nau'in waƙar Latin da ake kira sequentia ya bunƙasa. Ke nan littafi guda a jakar ɗan gudun hijira ya kai sunan Jumièges inda ginin ba zai iya zuwa ba.

4.0 Ginin Normawa

A shekarar 911 Sarki Charles na III ya yi sulhu da Rollo, shugaban maharan, a Saint-Clair-sur-Epte. Aka bar masa Rouen da kewayenta bisa sharaɗin ya karɓi addinin Kirista, ya kuma tsare bakin kogin daga 'yan'uwansa. Daga sunan da ake kiran su, wato mutanen arewa, aka sami Normawa da Normandi. Sauyin harshe bai ɗauki lokaci ba. Dudo na Saint-Quentin, marubucin tarihinsu na farko, ya ruwaito cewa Wiliyam Mai Dogon Takobi, ɗan Rollo, sai da ya aika ɗansa Richard zuwa Bayeux domin ya koyi harshen kakanninsa, saboda a Rouen harshen ƙasa ya riga ya rinjaya. Shi wannan Wiliyam ne ya farfaɗo da Jumièges a wajejen 940, ya kawo ruhubanawa daga Poitiers, kafin a kashe shi a 942.

Babbar majami'ar da matafiyi ke gani a yau, wadda ake kira Notre-Dame, an fara ta ne a shekarar 1040 a ƙarƙashin shugaban gidan, Robert Champart. An keɓe ta ranar 1 ga Yulin 1067 ta hannun Maurille, Babban Bishop na Rouen, a gaban Wiliyam Mai Nasara, wanda bai cika shekara guda da cin Ingila da yaƙi ba.

Mai shigowa ta ƙofar gidan yakan fara fuskantar bangon yamma. Hasumiyoyi biyu ne masu tsawon mita 46, gindinsu mai kusurwa huɗu, samansu mai kusurwa takwas, tsakaninsu kuma wani zaure da ya ɗan turo gaba, da bene a kansa. Babu zane-zane ko gumaka kamar na manyan majami'un da aka yi daga baya, farin dutse ne kawai da ƙananan tagogi. Da ya wuce zauren sai ya tsinci kansa a tsakiyar majami'ar, bangaye na hagu da dama sun miƙe kimanin mita 25, sararin sama a inda rufin katako yake a da. Bangon hawa uku ne: jerin bakuna a ƙasa, baranda a tsakiya, tagogi a sama. Ginshiƙan da ke ɗauke da bakunan an jeranta su ne bi da bi, kakkaura mai haɗe-haɗe sannan siriri mai zagaye, ta yadda ido ke bin su kamar yadda kunne ke bin gaɓa mai nauyi da marar nauyi a karin waƙa. A can gaba, inda hannuwan majami'ar suka gicciye, bango ɗaya tak ya rage daga babbar hasumiyar tsakiya, yana tsaye a kan baka guda. Bayan wannan sai fili da tushen gini a cikin ciyawa.

Wani ɗan lungu yakan kai matafiyi ƙaramar majami'a ta Saint-Pierre, wadda ɓangarenta na yamma ke riƙe da tsarin ginin zamanin zuriyar Shalman, kuma shi ne mafi tsufa a duk abin da ya rage. A gefenta akwai filin da ya kasance tsakar gida mai baranda kewaye, inda ruhubanawa ke kai da komo suna karatu. Barandar ta tafi, sai wani tsohon itace da ke tsakiya.

5.0 Jumièges da Ingila

Robert Champart bai ga kammala gininsa ba. Ya saba da Edward, ɗan sarautar Ingila da ya yi zaman gudun hijira a Normandi, kuma da Edward ya hau gado a 1042 sai ya jawo shi. Robert ya zama Bishop na Landan a 1044, sannan Babban Bishop na Canterbury a 1051. Manyan Ingila, musamman gidan Godwin, ba su so shi ba, suka kore shi a 1052, ya komo Jumièges ya rasu. Masana tarihin gine-gine sun lura da kamannin da ke tsakanin majami'ar Jumièges da wadda Edward ya gina a Westminster, wadda aka keɓe a ƙarshen 1065.

A wannan gida ne kuma wani baruhubane, Wiliyam na Jumièges, ya rubuta Gesta Normannorum Ducum, wato tarihin ayyukan masu mulkin Normandi, ya sadaukar da shi ga Wiliyam Mai Nasara a wajejen 1070. A cikinsa ya ce Edward ya aiki Robert ya sanar da Wiliyam cewa shi ne magajinsa. Wannan magana ita ce ginshiƙin hujjar Normawa ta cin Ingila, kuma masana suna karanta ta da taka-tsantsan, domin marubucin mutumin mai nasara ne. Duk da haka littafin ya yaɗu ƙwarai, har marubuta irin su Orderic Vitalis da Robert na Torigni suka yi masa ƙari. Abin da ya biyo bayan 1066 sananne ne ga masana harshe: Faransanci ya zama harshen fada da shari'a a Ingila na tsawon ƙarnuka, ya zuba dubban kalmomi a cikin Ingilishi. Jikokin waɗanda suka saki harshensu cikin zuriya biyu ko uku su ne suka ɗora harshen da suka aro a kan wata al'umma.

6.0 Doguwar Rayuwa da Gajeren Rushewa

Bayan Sarki Philippe Auguste ya mayar da Normandi ƙarƙashin Faransa a 1204, gidan ya ci gaba da bunƙasa, har a ƙarshen ƙarni na 13 aka sake gina ɓangaren gabas na majami'ar, inda ruhubanawa ke tsayawa rera addu'a, bisa sabon salon Gotik mai dogayen tagogi. A lokacin Yaƙin Shekara Ɗari gidan ya sha wuya. A farkon 1450 Sarki Charles na VII ya sauka a cikinsa yana ƙoƙarin ƙwato Normandi daga Ingilawa, kuma a lokacin ne masoyiyarsa Agnès Sorel ta rasu a Le Mesnil, ranar 9 ga Fabrairu. Aka binne zuciyarta a Jumièges, gawarta a Loches. A 1562 mabiya Furotesta suka washe gidan a yaƙe-yaƙen addini. A ƙarni na 17 ƙungiyar ruhubanawa ta Saint-Maur, wadda ta yi suna wajen binciken tsofaffin takardu, ta karɓi ragamarsa, ta gyara gine-gine, ta tsara ɗakin karatu. A duk waɗannan matakai akwai jama'ar da ke komowa ta share toka ta ɗora rufi.

Sai dai jama'ar tana ta raguwa. Tun ƙarni na 16 sarki ke naɗa shugabannin irin waɗannan gidaje, kuma da yawansu ba sa zama a ciki, rabonsu na kuɗin shiga kawai suke karɓa. Lokacin da Juyin Juya Halin Faransa ya zo, mazauna Jumièges ba su kai ashirin ba. A ranar 2 ga Nuwamban 1789 majalisa ta mayar da dukiyar majami'u hannun ƙasa, a ranar 13 ga Fabrairun 1790 kuma ta soke alkawuran ruhubanci. Mazauna gidan suka watse.

A nan ne kwatanci da Boscherville, wadda matafiyi ya wuce da safe, ke da amfani. Can mutanen ƙauye sun karɓi majami'ar ruhubanawa ta zama wurin ibadarsu, saboda haka ta tsira. A Jumièges kuwa ƙauyen yana da tasa majami'ar, wato Saint-Valentin, babbar majami'a ba ta sami masu ita ba. Aka sayar da gidan a 1795 ga Pierre Lescuyer, wanda ya fara rushe tsakar gida da ɗakunan kwana. A 1802 ya koma hannun Jean-Baptiste Lefort, ɗan kasuwar katako daga Canteleu, wanda ya sa albarushi ya tarwatsa ɓangaren gabas domin ya sami duwatsu cikin sauƙi. Wurin ya zama mahaƙar dutse har zuwa 1824. Sassaƙaƙƙun duwatsu suka shiga gidaje da katangu, wasu suka haye teku aka saka su a ginin Highcliffe a kudancin Ingila. Abin da ya tsaya fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari, kimanin shekara talatin suka isa a kwance shi, ba tare da wani mahari ya zo daga waje ba.

Casimir Caumont, surukin Lefort, shi ya dakatar da rushewar bayan wurin ya zo hannunsa. Lokacin ya dace da zamanin da marubuta da masu zane na Turai suka kamu da sha'awar kangaye. John Sell Cotman ya sa Jumièges a littafin zanensa na tsofaffin gine-ginen Normandi na 1822, Turner ma ya zana shi daga kogi. A farkon shekarun 1850 iyalin Lepel-Cointet suka saye shi, suka tokare bangaye, suka dasa itatuwa, amma ba su sake gina abin da ya faɗi ba. Gwamnatin Faransa ta karɓe shi jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 2007 kuma ya koma hannun hukumar yankin Seine-Maritime. Ke nan kangon da baƙo ke sha'awa a yau an zaɓi a bar shi ne a haka.

7.0 Abin da Ya Tsira

Littattafan gidan ba su bi sawun duwatsu ba, domin an kwashe su kafin a sayar da ginin. Dom François-Philippe Gourdin, wanda shi ma baruhubane ne na ƙungiyar Saint-Maur, shi aka ɗora wa aikin tattara littattafan gidajen da aka rufe a yankin, kuma ta haka rubuce-rubucen hannu kusan ɗari huɗu na Jumièges suka isa ɗakin karatu na birnin Rouen. Daga cikinsu akwai littafin ibada mai ado da aka rubuta a Ingila a farkon ƙarni na 11, wanda Robert Champart ya aiko wa tsohon gidansa lokacin yana Bishop na Landan.

Adabin baka ma ya tsira. A gidan shugaban ruhubanawa, ginin ƙarni na 17 da ke tudun gabas, an ajiye wani murfin kabari na ƙarni na 13 mai siffar samari biyu a kwance. Hikaya ta ce 'ya'yan Clovis na II ne da suka yi wa ubansu tawaye, aka ƙone jijiyoyin ƙafafunsu, aka saka su a jirgin ruwa ba matuƙi, kogi ya kawo su hannun Philibert. Tarihi bai yarda da wannan ba, domin Clovis ya rasu a 657 yana da shekara ashirin da 'yan kai, kuma 'ya'yansa uku da aka sani duk sun yi sarauta. Wasu masana suna ganin labarin Tassilo da ɗansa ne ya rikiɗe a bakin mutane. Ko ma yaya ne, hikayar ta yi wa gidan aiki, domin ta ɗaure asalinsa da jinin sarauta, kuma ta rayu har Évariste Luminais ya zana ta a 1880.

8.0 Kammalawa

An bi matafiyi daga Rouen zuwa Jumièges, an ga cewa sunayen garuruwan hanya suna riƙe da sawun harsuna uku, wato Latin da harshen maharan Iskandinabiya da karin Faransancin Normandi. An ga yadda gidan da Philibert ya kafa a 654 ya ƙone a 841, yadda zuriyar waɗanda suka ƙone shi suka ɗaga masa majami'ar 1067, da yadda ya haɗu da tarihin Ingila ta hanyar Robert Champart da marubucinsa Wiliyam. An kuma nuna cewa rushewarsa ta ƙarshe ta faru ne tsakanin 1795 da 1824, a hannun masu saye da sayarwa, bayan an watsa mazaunansa. Bambancin da ke tsakanin Boscherville mai rufi da Jumièges marar rufi bai wuce wannan ba: ɗaya ta sami jama'ar da ke buƙatar ta, ɗaya ba ta samu ba. Littattafan kuwa sun tsira ne saboda sau biyu, a ƙarni na 9 da kuma ƙarshen ƙarni na 18, an sami wanda ya ɗauke su ya kai su wani wuri kafin wuta ko albarushi su iso.